Tankin Jirgin Baba

Ban san Baba yana da mutane haka ba sai da muka dawo daga maƙabarta na ga tabarmi sun ƙare a ƙauyenmu, an koma shimfiɗa buhunan hatsi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum ne da bai taɓa riƙe ko sarautar unguwa ba, masunci ne kawai a wani ɗan ƙauye na bakin gulbi can ƙasar Kebbe. Amma ranar kwalekwale ne jere a mashaya har gindin giyayya, waɗanda kuma suka biyo tudu sun ratso laka da ƙafa, wando naɗe har gwiwa, domin damina ta cinye hanya.

Matan da ke sarin bandar kifi wurin Inna sun zo tun daga Dogon Daji, suna kuka suna tona asirin yadda yake ƙara musu kifi a kwando idan Inna ta juya baya. Wata tsohuwar Bafulatana ta dire ƙwaryar nono a ƙofar gida, ta ƙi shiga. Ta ce shekara da shekaru yana tsallakar da ita da ƙorenta, wani lokaci har da ɗan maraƙi ɗaure, bai taɓa miƙa mata hannu ba. In ta matsa masa sai ya ce, "Zauna tsakiya dai, kada ki kifar muna da jirgi." Mai sayar da fetur a kwalba kuwa dariya ta riƙa kufce masa cikin hawaye. Ya ce Baba ba ya karɓar kwalba sai ya buɗe ya shinshina, wata rana ya mayar masa ya ce, "Wanga ya sha kananzir, kai ma fitila." Sarkin Ruwa, aminin Baba tun suna yara, wanda kunnensa ya yi nauyi, shi ma ya zo. Ya zauna a bakin tabarma yana murza hularsa, in an yi addu'a ya shafa bayan kowa ya gama.

Kowa ya zo da maganar da Baba ya taɓa gaya masa, ta faɗa ko ta wasa, yana juya ta a baki. Ni ina zaune a tsakiya ana miƙo mini hannu, ana cewa babban ɗa sai haƙuri. Ba wanda ya tambaye ni tawa, don duk wanda ya san gidanmu ya san na haura shekara arba'in ina jiran Baba ya dube ni ya yi mini magana baki da baki. Wannan jiran nake so in rubuta kafin a manta da shi, da yadda aikin wani tankin mai ya shigo cikinsa.

Ni ne ɗan fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Ana yaye ni Gwaggo, yayar Baba, ta goya ni ta tafi da ni Jabo inda take aure, na tashi cikin gero da dawa, ɗan masunci da ko iyo bai iya ba. Daga baya na koyi walda a Tambuwal, na buɗe rumfata, na yi aure. A bakin Baba ina ƙarami sunana “mutumin Jabo”, da na girma na koma “mai walda”. In na je gida na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa yana kallon birgin kamun kifin da yake ɗinki, kamar da wani can bayana yake gaisawa. In yana da saƙo, ko ina zaune gabansa, sai ya kira wani ya ce, "Ku ce ma mai walda a kula da hanya, an ce ta ɓaci."

Na san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Inna ma ba ta kiran sunana, amma ita takan saci kallona, takan cika mini akushi har ya zuba. Kuma na ga iyayen abokaina suna sassautawa idan ɗan ya yi iyali, har a zauna a yi shawara. Baba bai sassauta ba ko da gashi ɗaya. Ƙanena, mai kabu-kabu, shi kam zagi yake sha safe da yamma, a ce masa malalaci, a ce masa mai kan kwakwa, a jefe shi da takalmi. Wallahi na sha yi masa hassadar zagin nan. In gaskiya zan faɗa, wani lokaci nakan ɗauka don ban zama masunci ba ne Baba bai ga abin da zai ce da ni ba.

Jirgin nasa tsoho ne, na katakon maɗaci, tun yana saurayi aka kawo shi daga Yawuri. Daga baya ya ɗaura masa inji a baya, da ɗan jan tanki da bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba. Muddin kifi na kusa, wannan ya isa. Amma ciyawar kacala ta zo ta shaƙe tafkunan da ke kusa da mu, kifi ya yi nisa, sai Baba ya koma tafiya da jarkoki. Ga inji, ga tanki, ga jarkoki, ga shi kansa, dogon mutum mai ƙashi, duk sun taru a gindin jirgi. Goshin jirgin sai ya ɗaga sama, baya ya nutse, ruwa na leƙowa ciki yana kwarfewa da ƙwarya. In mai ya ƙare a tsakiyar gulbi, dole ya kashe inji ya tsiyaya daga jarka da mazurari, jirgi na rawa, rabi a tanki rabi a ƙafarsa. Wata rana jarka ta kife a kan kamun yini guda. Inna ta wanke, ta yi banda, amma masu saye suka maido, suka ce miyarsu warin fetur take. Baba ya ji kunyar abin ƙwarai. Ya sa aka jawo jirgin aka kife shi a gindin giyayya, ya koma jefa birgi daga gaɓa kamar yaro. Jirgin ya daɗe a nan har kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin ƙwai.

Mu duka mun ɗauka ya haƙura. Ashe yana nan yana saƙa abinsa. Wata shekara da rani ya sa aka birkice jirgin, ya cire katakon da ya ruɓe, ya sa sabo, ya bi kowace tsaga da tsumma da kwalta. Ƙanena ya ce masa, "Baba, a shekarunka ina za ka da wanga tsohon akwati?" Ya sha takalmi. Abin da Baba ya yanke shi ne tanki zai bar gindin jirgi ya dawo tsakiya, kuma a yi babba, wanda zai kai shi tafki mafi nisa ya maido shi ba tare da jarka ko ɗaya ba. Tankin ƙarfe kuwa sai mai walda, mai walda kuma a duk danginmu ni kaɗai ne.

Lokacin mijin Gwaggo ya rasu, ta dawo gidan Baba da zama, don haka ita aka aiko. Na gan ta ta sauko daga bayan babur a ƙofar rumfata tana tsine wa hanyar Kebbe da wanda ya tuƙo ta. Gwaggo 'yar gajeruwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma muryarta ta fi ta injin niƙa. Ta kwance bakin zane ta fito da karan dawa uku, an yanke su tsaf.

"Ga awon babanka," ta ce. "Wanga tsawo, wanga faɗi, wanga zurfi. Yac ce a ce ma mai walda tanki shika so, mai ƙwari, wanda ba ya yoyo."

"Ni yac ce a kawo ma aikin, Gwaggo?"

"To wa? Akwai wani mai walda da na goya?"

Ban iya ɓoye murnata ba. Abu na farko ke nan da Baba ya taɓa nema a hannuna. Na ture aikin ƙofofin mutane gefe, na zaɓi fallen ƙarfe mafi kauri, na yanka daidai da karan nan ko ƙwayar gero ban ƙara ba. Na lura tankin bai yi girman da na zata ba, amma na ce shi ya san jirginsa. Na bi kowane layin walda sau biyu, na hura masa iska na shafa ruwan sabulu ko zan ga kumfa, na yi masa fenti. Ƙanena ya ɗaura shi a babur ya tafi da shi, ni kuma na zauna ina jiran abin da za a ce.

Abin da aka ce ya iso da ƙanen nawa bayan kasuwa ta zagayo. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ashe Baba ya riga ya ƙera wa tankin gurbi na katako a tsakiyar jirgi, da aka saka sai ya zauna ciki kamar ƙwai ɗaya a akushi. Da kaɗan ya fi tsohon jan tankin.

"To mi yac ce?" na tambaya.

"Yaya, bari dai."

"Faɗa min."

"Yac ce a ce ma mai walda, in aikin ƙauye bai kai shi ɓata lokacinai ba, da ya faɗi tun farko."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na ce wato ko magana ba a yi mini, amma an iya aiko mini da baƙa. Na yi kwanaki ban je gida ba, matata tana ta lallashi ina cewa ta bar ni. Daga ƙarshe na kwashi karan nan uku, don Allah Ya sa ban jefar ba, na hau babur na tafi a fusace. Na tarar da Baba a tsakar gida yana ɗaura ƙugiyoyi a mamari, Gwaggo na tsince wake, Inna na can wajen murhun banda. Na gaishe su sama-sama, na zube karan a gaban Gwaggo, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gwaggo, ki ce mai ga awon da anka aiko min. A gwada da tankin. In na rage ko da farce, a kira ni maha'inci."

Baba ya ajiye mamari, ya miƙa dogon hannunsa ya ɗauki kara mafi tsawo. Ya juya shi, ya dubi yankan. Sai ya ɗora shi a hannunsa daga gwiwar hannu, karan ya wuce yatsunsa da ɗan kaɗan ya tsaya.

"Yaya," ya ce wa Gwaggo, "na ce maki tsawo kamu guda da taƙi, faɗi taƙi biyu, zurfi taƙi guda. Wa ya yanke wanga kara?"

"Ni mana. Tsoro nij ji in mance bisa hanya, nis samu kara nig gwada nay yanke."

"Da hannun wa kig gwada?"

"Da na wa zan gwada? Aron hannu zan yi?" Ta fizge karan ta ɗora a ɗan guntun hannunta, ta ƙara taƙinta a kai, ya zo daidai cif. Ta ɗaga shi sama tana nuna mana. "Ga shi nan! Kamu guda da taƙi! To kamu ba kamu ba ne?"

Inna ce ta fara. Dariya ta kama ta a cikin hayaƙi har ta koma tari, tana dafe da bango. Ƙanena ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Na dubi Baba, na ga kafaɗunsa na rawa, ya sa hannun riga ya rufe baki, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin dariyarsa kusa haka ba, kullum in na shigo yakan haɗiye ta. Gwaggo kuwa ta hau faɗa, ta ce daga yau kada wanda ya sake aikenta, mutum da ɗansa sun mai da ita ɗan aike da tsufanta, ga baki Allah Ya ba kowa. Baba ya tashi ya kakkaɓe riga ya nufi ƙofa. Sai da ya kai zaure ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Wanda ke da igiyar awo, jirgi na bakin gulbi."

Haƙurin da ya ba ni ke nan, na kuma karɓa. Na bi shi a baya da igiyar awona.

Kafin in auna komai, sai ya ce a tura jirgin ruwa tukuna, don gurbin da ya ƙera ma bai gama yarda da wurinsa ba. Ya ɗaura inji, ya zauna a mazauninsa na baya. Ya sa ƙanena ya cika jarkoki da ruwan gulbi, kimanin nauyin man da tankin zai ci, ya jera su a tsakiya. Sannan ya ɗebi ruwa ƙwarya guda ya zuba a cikin jirgin, ya zura masa ido. Ruwan ya gangara baya. "Matsa da su gaba." Aka matsa, ruwan ya tsere goshi. "Ka yi yawa, mai kan kwakwa, dawo kaɗan." Haka aka yi ta yi har ruwan ya kwanta a tsakiya bai nufi ko'ina ba. Baba ya ciro wuƙa ya yi zane a haƙarƙarin jirgin nan da can. Gurbin ya matsa baya da kusan taƙi guda daga inda ya fara sa shi. Ni na ji daɗin haka, domin tiyon da zai kai mai ga inji ya rage tsawo. Na shiga na durƙusa na auna tsakanin zanen biyu, jirgi na lilo. Da igiyar ta kufce mini, sai na ga hannun Baba ya danne ɗaya bakin a jikin katako. Ban ɗaga kai ba, muka gama awon a haka.

Tanki na biyu na yi shi yadda nake so. Na sa masa shamaki biyu a ciki masu ƙofofi, don kada mai ya riƙa tururuwa gefe guda idan jirgi ya karkata. Na yi masa ƙafafu don ya ɗaga daga ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, na sa murfi mai zare, na fitar da ɗan siririn bututu a sama na lanƙwasa bakinsa ƙasa. Wannan karon da kaina na kai shi. Ya shige gurbinsa kamar a nan aka haife shi. Baba ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya bi layin waldar da babban yatsa tun daga wannan kusurwa har waccan. Da ya zo kan bututun sai ya tsaya. Gwaggo ta yi rantsuwa ba ta ƙara shiga tsakaninmu, ƙanena ya tafi aiki, babu kowa a wurin sai Sarkin Ruwa zaune a kan kututture. Baba ya juya gare shi ya ɗaga murya.

"Sarki! Tambaye shi, mi ya sa ya bar huda bisa tanki? So shika ruwan sama shi shiga?"

Sarkin Ruwa ya kafa hannu a kunne. Ni ma na juya gare shi na ɗaga tawa muryar.

"Sarki! Ka ce mai hancin numfashi na! In babu shi, mai na fita iska ba ta shiga, inji shi shaƙe shi mutu tsakiyar ruwa! Na duƙar da bakinai ƙasa, ruwa ba ya shiga!"

"Sarki! Ce mai in jirgi ya yi tsalle fa, mai ba ya fitowa ta nan?"

"Sarki! Ce mai shi ya sa na yi shi da tsawo!"

Tsohon ya dube ni, ya dubi Baba, ya sauke hannunsa. "Ku biyun ga ku nan kusa da juna kamar ƙafa da takalmi," ya ce, "ni ko ban jin ko guda cikinku. Don Allah mi kuka so da ni?"

Baba ya ja tiyo ta ƙarƙashin haƙarƙarin jirgi, ni na ɗaure bakinsa, ya ƙera murfin katako ya rufe tankin har ya zama wurin zama. Abu ɗaya ya rasa a wannan gyara. Da can yana da ɗan kasko na garwashi a tsakiyar jirgi inda yake gasa ƙaramin kifi idan yunwa ta kama shi. Da kansa ya ɗauke shi ya kai wa Inna, ya ce wuta ta gama zama jirgin nan, kuma duk wanda ya shigo masa da taba zai koma gida da iyo.

Ranar da ya fara fita, Inna ta yi waina aka raba wa yara sadaka. Jirgin ya zauna a ruwa sambal, goshi da gindi daidai. Baba ya ja igiya, inji ya ɗauka, ya miƙe ya ɓace a lanƙwasar gulbi. Na yini a gaɓa ina jira, ina cewa a raina yau kam dole. Da la'asar ya dawo daga wani tafki da ya yi shekaru bai gani ba, jirgi shaƙe da tarwaɗa da ƙarfasa, ga giwan ruwa guda kwance a kai. Ya buɗe murfin tanki ya zura kara ya ciro, man da inji ya sha bai kai rabi ba. Ya ɗaga karan yana nuna wa mutanen gaɓa, suna ta kabbara. Ina tsaye dab da shi. Ya sunkuya ya ɗago giwan ruwan, ya miƙa wa ƙanena ya ce, "A kai ma mutanen Tambuwal." Ya wuce gida.

Kifin ya yi daɗi, matata ta raba har maƙwabta, amma ni da ƙyar na haɗiye. Na ce wa Gwaggo, "Kalma guda fa, Gwaggo. Ko zagi ne." Ta ce, "Kunya ce, ɗan nan. Ka san in ya kira ka, babanmu ya kira." Na ce kunyar nan ta yi yawa, ta cinye mini uba yana raye. Daga nan na sa wa raina haƙuri, na ce wataƙila haka za mu rabu.

Ya more jirginsa, wannan kam alhamdu lillahi. Ya je duk inda ransa ya so, ya tsallakar da masu nono da marasa lafiya da 'yan biki. A daminar bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Aka aiko mini na je, na tarar numfashinsa na fita da ƙyar, yana ta cewa ba komai, sanyi ne. Washegari aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya cika ya haye gonaki, hanya ta yanke. Ko da ba ta yanke ba, ba mai iya ɗora shi a babur. Shawara ta tsaya a kan a haura da shi ta ruwa har gadar da mota ke iya zuwa, daga nan a wuce asibiti Tambuwal. Ƙanena ya riga mu tafiya ta tudu da ƙafa don ya nemo mota. Tafiya ce mai nisa, kuma gaba da ruwa za a yi, inda inji ke shan mai kamar raƙumi.

Masunta matasa sun taru, kowa na cewa shi zai tuƙa. Baba na kwance a tabarma an ɗauko shi, ya yafito Gwaggo da hannu ya yi mata raɗa. Ta miƙe ta dube ni. "Yac ce mai walda shi riƙe inji."

Injin bai dame ni ba, ɗan'uwan janareta ne. Ruwan nake tsoro, ga shi ja wur, yana tafe da rassan itace da karan gonakin mutane. Amma na shiga na zauna a mazauninsa. Aka jingina Baba da murfin tanki, fuskarsa na kallon baya inda nake, Gwaggo ta zauna gefensa ta riƙe shi. Sarkin Ruwa ya ƙi a bar shi, ya hau goshi da gorar tuƙi yana ture itace. Muka kama hanya. Baba ko juyawa ba ya yi, itatuwan gaɓa kawai yake kallo suna wucewa, ya san inda muke. In ya ɗaga hannun dama in karkata can, in ya ɗaga na hagu in dawo, in ya kwantar da tafi in rage wuta. Haka muka wuce wurin da a da yakan tsaya ya tsiyaya jarka, inji bai ko yi tari ba.

Mun yi nisa, rana ta fito, sai na ga hannunsa ya sauka bai sake ɗagawa ba. Idonsa na kaina, ba a gaɓa ba, ba a kan Gwaggo ba. Leɓɓansa na motsi. Ƙarar inji ta cika mini kunne, shi kuma yana can tsakiyar jirgi, ba na jin komai. Na san kowane jinkiri cutarwa ne gare shi, na san in na kashe inji ruwa zai mai da mu baya. Na duba ko Gwaggo za ta karɓo saƙon ta miƙo mini kamar kullum, sai na ga ta saki baki tana kallonsa. Na kai hannu na kashe injin.

Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Jirgi ya fara ja da baya, Sarkin Ruwa ya kafa gora yana ihu me ya faru. A cikin wannan shirun Baba ya sake faɗa. Sunana ne, na yanka, sunan mahaifinsa, cikakke. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati.

"Na'am, Baba," na ce.

"Wa yac ce ka kashe inji?"

"Ban ji ka ba ne, Baba."

Ya ɗan huta, ya dafa murfin tankin da tafin hannu. "Mai nika tambaya. Shina kai mu?"

"Shina kai mu, Baba. Har shi maido mu gida."

"Na sani," ya ce. "So nika in ji ga bakinka. Tayar mu tafi."

Na ja igiya, inji ya ƙi. Na sake ja, ya ƙi. Idona ya cika har ba na ganin abin da nake yi.

"Matsa famfon tiyo tukuna," in ji Baba. "Kai, wane irin mai walda ne wanga?"

Na matsa, na ja, ya ɗauka. Muka ci gaba da haurawa ina kuka ina dariya, man kuwa ya kai mu gada, kuma da shi muka maido shi gida bayan 'yan kwanaki a lulluɓe. Bai sake yi mini wata magana ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ni kuma ban nemi ƙari ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya kira shi da sunansa cikin bayinSa na gari.